Zobe biyar na Maigadi: gwarzo ne ko ɗan rakiya?

Kwamishina Sani: Salamu alaikum jama'a. Na gama buga kakar bana daren jiya, fayil ɗin lig na nan na turo. Maigadi, ɗan wasan lig ɗinmu na cikin kwamfuta, ya yi ritaya, kuma kwamfuta ba ta sa shi a Zauren Gwaraza ba. Kun san dokarmu: Basketball GM, wasan kwamfutar da muke gudanar da ƙungiyoyin ƙwallon kwando a cikinsa, na da nasa lissafin, mu ma muna da namu zauren da ƙuri'a ke shigar da mutum. Mu 12 ne, sai ya samu 9, kashi 75 cikin ɗari, kamar yadda ake neman 18 cikin 24 a zauren Naismith na gwarazan ƙwallon kwando da ke birnin Springfield a Amurka. Ga sababbin shiga: Maigadi laƙabi ne da muka sa masa don tsaron baya ne aikinsa. Kaka 14, zobe 5 (kowane kofi da zobensa), bai taɓa zuwa wasan taurari ba, makinsa a wasa bai kai 10 ba. Auwal ne ya gabatar da shi. Bismillah.

Auwal: Ni dai hujjata ba ta da tsawo. Don me muke kwana muna cinikin 'yan wasa, muna lissafin albashi har ƙarfe biyu na dare? Don kofi. A tarihin lig ɗin nan babu wanda ya kai shi zobe. Uku a wurina, biyu a wurin Yaya Bashir bayan na sayar da shi. Ƙungiya biyu daban, manaja biyu daban, inda ya sauka kofi ya sauka. Wannan ba ya zama sa'a.

Nura: Kallon kitse kake wa rogo, mutumina. Patrick McCaw na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ci zobe uku a jere, 2017 da 2018 a Golden State, 2019 a Toronto. Ƙungiya biyu daban, inda ya sauka kofi ya sauka. A kai shi Springfield kenan?

Auwal: Haba Nura. McCaw benci ya ɗuma. Maigadi da shi ake fara wasa a duk kofunan nan biyar.

Ɗanjuma: A rubuta a ajiye: Nura ya sha kashi a wasan ƙarshe sau biyu a hannun mutumin nan. Wannan ba muhawara ba ce, ramuwar gayya ce.

Nura: Auwal kuma shi ya ɗauko shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, har yau yana ba mu labari kamar ya tsinci dami a kala. Kowa da son zuciyarsa. Mu bar ni, mu bar shi, mu kalli takarda. Akwai mutumin da ya fi Maigadi komai a duniyar gaske: Robert Horry. Zobe 7. Biyu da Houston a 1994 da 1995, uku da Lakers daga 2000 zuwa 2002, biyu da San Antonio a 2005 da 2007. Ya fi Michael Jordan yawan zobe. Maki 7 yake ci a wasa, bai taɓa zuwa wasan taurari ba, kuma har yau ba a buɗe masa ƙofa ba. A Houston Hakeem Olajuwon ne ya ɗauki kayan, a 1994 shi ne gwarzon kaka, shi ne gwarzon tsaron baya, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, duk a shekara guda. Irin wannan ake gina wa zaure. Wanda ya riƙe masa jaka a ba shi tukwici a yi masa godiya.

Yaya Bashir: Nura ƙanina, ka ɗauko Horry ka bar wanda ya fi kama da shi. Michael Cooper na Lakers. Zobe 5 daidai da na Maigadi, bai taɓa zuwa wasan taurari ba, makinsa bai kai 9 a wasa ba, yawancin rayuwarsa ma daga benci yake tasowa. An shigar da shi a 2024. Kafin shi akwai K.C. Jones na Boston, zobe 8, maki 7 da ɗoriya, shi ma ba wasan taurari, yana ciki tun 1989. To ƙofar ba a rufe take ga irinsu ba.

Nura: Yaya, da girmanka, amma ka ɓoye rabin labarin. Cooper ya ci gwarzon tsaron baya a 1987, kuma sau 8 ana sa shi cikin zaɓaɓɓun masu tsaron baya. K.C. Jones kuwa zauren Naismith ba na NBA kaɗai ba ne, ana duba jami'a da wasan ƙasa. Ya ci kofin jami'o'i sau biyu tare da Bill Russell a San Francisco, ya ci zinare a Olamfik ɗin 1956. Mu nan ba mu da jami'a, ba mu da Olamfik. Kuma a Boston ɗin dai akwai Jim Loscutoff mai zobe 7, ba ya ciki.

Yaya Bashir: Na karɓa. Amma Maigadi ma an sha sa shi cikin zaɓaɓɓun masu tsaro, gwarzon ne dai bai ci ba, don kullum kwamfuta dogayen senta, masu tsayawa ƙarƙashin kwando, take ba wa.

Auwal: Kuma ku tuna wasa na bakwai, na raba gardama, da ƙungiyar Nura. Ana binmu maki biyu, saura daƙiƙa ba ta kai biyu ba, ya jefa ta maki uku ta shiga. Ina zaune a shagon cajin waya na bakin layinmu, ina matsa wasan kaɗan-kaɗan ina karanta layi bayan layi, na tashi na yi ihu har mai shagon ya ɗauka sata aka yi. Wannan shi ne Horry da Sacramento a 2002, lokacin da Divac ya bugo ƙwallo waje ta faɗa hannunsa. Shi ne Horry da Detroit a 2005, da Rasheed Wallace ya bar shi ya tafi ya tare Ginobili. Akwai mutanen da zuciyarsu ba ta rawa.

Maryam: Yaya Auwal, a nan ne zan shigo, ka yi haƙuri. Horry mutum ne, yana da zuciyar da za ta iya rawa ta ƙi rawa. Maigadi lambobi ne. Buɗe shafinsa ka duba: tsawo, ƙarfi, gudu, tsalle, juriya, jifa iri-iri, basirar kai hari, basirar tsaro, ba da ƙwallo, da sauransu. Nuna min inda aka rubuta ƙarfin hali. Babu. A wannan daƙiƙar wasan ya yi ƙuri'a tsakanin mutum biyar ya faɗa kansa, ya sake yin wata ƙuri'ar ƙwallo ta shiga. Da a ce Kwamishina ya danna maɓallin bayan ya sha ruwa maimakon kafin ya sha, wataƙila yau Nura ne ke ba mu labarin shagon caji. Kuma ko laƙabin nasa ma mu muka ƙirƙira. Wasan ba ya cewa wane ya tsare wane. Haɗa ƙarfin tsaron mutum biyar ɗin da ke fili yake yi ya auna da harin ɗaya ɓangaren. Duk labarin nan na ya shaƙe wane, ya hana wane numfashi, a kanmu yake.

Nura: Allah ya yi miki albarka, Maryam. Magana ta ƙare.

Maryam: Ba ta ƙare ba, Yaya Nura, kada ka yi saurin murna. Takobin nan kaifi biyu ne. Tunda tsaro a haɗe ake lissafa shi, to amfanin Maigadi ba zai taɓa fitowa a layinsa na maki da ribawun (cafe ƙwallon da ta ƙi shiga kwando) ba, a cikin makin da abokan karawa suka kasa ci yake ɓuya. Sannan akwai alamomin nan da ke gefen suna. Yana da 3, yana da Dp, wato mai jifar uku kuma mai tsaron gefe. Wasan yana ƙara wa ƙungiya ƙarfi idan biyar ɗin da ke fili sun haɗa alamomin da suka dace da juna. Kenan ko bai taɓa ƙwallo ba, tsayuwarsa a fili na ɗaga sauran huɗun. Lissafin zauren kwamfuta kuwa ya fi karkata ga wanda ya tara lambobi da sunansa. Abin da nake cewa shi ne hujjar Yaya Auwal ba daidai ba ce, amma mai yiwuwa amsarsa daidai ce.

Ɗanjuma: Tabɗi. Ta kashe mai ƙara ta kashe wanda ake ƙara, ta hau kujerar alƙali.

Yaya Bashir: Bari in faɗi abin da na gani da idona, tunda ni ma na riƙe shi. Shekarar da na saye shi daga Auwal ban canja kowa ba cikin biyar ɗin farko sai shi. Kafin nan zagaye na biyu muke tsayawa kullum. Amma zan faɗi gaskiya ko da za ta rage masa: a shekarar ce kuma sentana ya yi tsallen girma, darajarsa ta haura sosai. To wanne ne ya kawo kofin? Ni da na riƙe ƙungiyar ban iya rabewa ba. Ben Wallace maki 5.7 yake ci a wasa, amma an shigar da shi a 2021, don gwarzon tsaro sau 4 ne, kuma kowa ya san Detroit ta 2004 a kansa aka gina ta. Ba zan iya rantsuwa cewa a kan Maigadi na gina tawa ba.

Auwal: Yaya, wai kai ma?

Yaya Bashir: Ban ce a'a ba. Cewa na yi ba zan rantse ba.

Nura: Abin da nake tsoro daban ne. In muka sa shi, gobe duk manajan da ya ci kofi uku zai turo mana na huɗunsa da na biyar ɗinsa. Zobe aikin manaja ne. In ana son a karrama kofunan nan, a sa sunan Auwal da na Yaya Bashir a zauren, ni zan fara jefa ƙuri'a. Kuma akwai ɗan wasana da ya yi kaka goma yana cin maki sama da 20 ba tare da mataimaki ba, kuka ƙi shi bara don ba shi da zobe. Charles Barkley da Karl Malone ma ba su da shi, amma suna cikin zauren Naismith.

Auwal: Ashe nan gizo ke saƙa.

Maryam: Muna da abin da mutanen Springfield ba su da shi. Ba za su iya mayar da 2002 su cire Horry su gani ba. Mu za mu iya. Kwamishina na da fayil ɗin farkon kowace kaka. A ɗauki kakar kofin Yaya Bashir na farko, a buga ta da Maigadi, a sake bugawa an maye gurbinsa da matsakaicin ɗan wasa mai irin albashinsa, a kwatanta yawan nasarori.

Auwal: Sau nawa? In sau ɗaya ne, ke da bakinki kika ce caca ce.

Maryam: Sau 20 kowane ɓangare, in ana son abin da za a iya dogara da shi.

Kwamishina Sani: Kaka 40 kenan a kwamfutar da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe, ga wutar unguwarmu da kuka sani. Zan yi goma-goma, kuma sai Asabar. An ɗage ƙuri'a zuwa Lahadi bayan isha'i.

Nura: Sharaɗi ɗaya: a gwada nawa ɗan wasan na bara ma da ma'auni guda.

Auwal: Ni ko me ya fito, ƙuri'ata e ce. Ina shagon cajin nan, ku ba kwa nan.

Ɗanjuma: Kwamishina, kafin Asabar ɗin a duba tayin cinikin da na turo tun Talata, har yanzu shiru.