Neman kalmar Hausa: me za mu kira firobayotik da ake son mayarwa riga-kafin mura?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina shirya bayanin lafiya da za a karanta a rediyo nan Gusau, kuma kalma ɗaya ta tsare ni: firobayotik. Ina neman taimakon malaman Hausa da ma'aikatan lafiya.

Ga abin da ake nufi. Akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, wato bakteriya, irin su Lactobacillus da Lactococcus, waɗanda ke sa madara ta yi tsami ta kama ta zama kindirmo. A 2001 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci ta FAO suka ce firobayotik halittu ne masu rai da ke amfanar jiki in an sha su daidai gwargwado. Yanzu masu bincike suna ɗauko ɗan yanki daga ƙwayar gadon bairos ɗin infuluwenza, misali wanda ke samar da furotin hemagulutinin ko M2e, su sa shi cikin waɗannan halittu. Sai a ɗiga su a hanci ko a baki. Jiki ya ga alamar bairos ɗin a daidai inda yake shigowa, ya tanadi garkuwar da ake kira IgA a cikin majina da yawu. Yawancin gwajin a jikin ɓeraye da kaji ake yi, ba a kai ga ba mutane a asibiti ba.

Damuwata ita ce, bakteriya a bakinmu “ƙwayar cuta” ce. In na ce “ƙwayoyin cuta masu amfani”, uwar da ke saurare a Anka ko Bukkuyum kalmar cuta kawai za ta riƙe. Duk wanda ya bi gida-gida da ɗigon shan-inna ya san irin aikin da kalma ɗaya ke ɓatawa.

Malamin Hausa, Talata Mafara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka cire “cuta”, amma ka yi hattara da “ƙwaya” ita kaɗai, don a bakin matasa ma'anarta ta koma wani wuri. Ni “aminan ciki” nake ba da shawara, tilo aminin ciki. Amini shi ne wanda ka yarda da shi har ka bar shi cikin gidanka, kuma kalmar tana nuna abu mai rai.

Mai kiwo, Argungu:
Malam, mi ya hana a ce ƙwayoyin kindirmo? Wagga kowa ya san ta. Inna tana tafasa madara, ta bari ta huce, ta ɗebo ɗan ragowar kindirmon jiya da ludayi ta zuba, ta rufe ƙwarya da faifai. Da safe ya kama.

Mai tambaya, Gusau:
Yaya, misalinka zan yi amfani da shi wajen bayani, don babu wanda ya fi shi. Amma a matsayin suna ina tsoronsa. Ba kowane firobayotik ne daga madara ba, akwai ma na yis. Abu na biyu ya fi tayar mini da hankali: wani zai ji ya ɗauka shan fura da nono ya wadatar, ya fasa kai yaro riga-kafi. Na fi karkata ga aminan ciki.

Saura kalmar miyukosa, wato wannan shimfiɗa mai laima da ta lulluɓe cikin hanci, maƙogwaro, huhu da hanji. Na fara rubuta “riga-kafin tantani”.

Ungozoma, Birnin Kebbi:
Ɗana, bar tantanin nan. A ɗakin awo in ka ce tantani, tunanin mata wani wuri zai tafi, kuma ka san jita-jitar hana haihuwa ba ta mutu ba. “Riga-kafin ɗigo” ma bai cika ba, tunda akwai na feshi. Amurka ta amince da riga-kafin infuluwenza mai suna FluMist tun 2003, a hanci ake fesa shi, ko da yake shi bairos ne da aka raunana, ba aminan ciki ba. Ka ce riga-kafin mashiga. Ta hanci da baki mura ke shiga, can ake tare ta.

Mai tambaya, Gusau:
Na gode, Mama. Na karɓa hannu biyu.

Gyaran da aka yi wa halittun kuwa dole a faɗe shi, ɓoyewa cin amana ne. Wani ya rubuto mini “canza halitta”. Ban ɗauka ba, domin mai sauraro zai ji kamar an ƙirƙiri sabuwar dabba, alhali halittar tana nan yadda take, ɗan yanki aka ƙara mata. “Dashe” ya fi kusa da gaskiyar aikin, kuma manomi da likita duk suna amfani da shi. Ke nan aminan ciki masu dashe.

Likitan dabbobi, Yauri:
Na yarda da duka ukun. Amma kada ka ce “mura” kawai ka wuce. Infuluwenza ba murar sanyin hunturu ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Mu kuma ba mu manta 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye H5N1 ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Riga-kafin da za a zuba wa kaji a ruwan sha zai fi mana sauƙi a kan kama su ɗaya-ɗaya ana tsira allura.

Mai tambaya, Gusau:
Gaskiya ne, likita. Dattawa suna da suna ga annobar infuluwenza ta 1918, marisuwa, sai dai ya manne wa waccan shekarar. Zan ce “murar infuluwenza” a farkon shiri, in biyo da bayanin zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da ke kwantar da mutum. In akwai wanda ya san yadda ake kiranta a Zuru ko Ƙaura Namoda ban da wannan, ya rubuto kafin a naɗi shirin.