Na rage wa manhajata izini a AWS, yanzu ta kasa karanta kalmar sirri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama da wannan abu, kaina har ya ɗauki zafi.

Ina da ƙaramar manhaja a Lambda (sashen AWS, wato sabis ɗin kwamfutocin Amazon ta intanet, da ke gudanar da manhajoji) da ke ɗauko kalmar sirrin rumbun bayananmu daga Secrets Manager, ma'ajiyar sirrika ta AWS. Da farko, saboda gaggawa, alamar tauraro (*) kawai na sa a wurin Resource, inda ake faɗin abin da izininta ya shafa, wato ta iya buɗe kowane sirri a asusun. Aiki ya tafi lafiya, amma raina bai kwanta ba, don ko mabuɗin biyan kuɗinmu za ta iya gani.

Sai na taƙaita mata: GetSecretValue (izinin karanta sirri) kaɗai, a kan sirri guda. Nan take aka hana ta da saƙon AccessDeniedException. Na gano AWS na liƙa haruffa 6 na bazata a ƙarshen ARN (cikakken sunan shaida) na kowane sirri, na gyara, na kwafo shi cikakke. Har yanzu shiru.

Abin da nake zargi: da mabuɗin KMS (sashen AWS mai kula da mabuɗan kulle bayanai) namu na kanmu muka kulle sirrin, ba wanda AWS ke bayarwa ba. To ashe sai na ƙara kms:Decrypt, wato izinin buɗewa da wannan mabuɗin? In haka ne, a dokar IAM (tsarin izini na AWS) ta manhajar zan sa, ko a dokar mabuɗin, ko duka biyun? Kuma yaya zan ɗaure shi ta yadda sai ta hanyar Secrets Manager kaɗai zai yi aiki?

Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya agaza. Ba na son komawa ga tauraron nan.