"Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari": wa ke ɓera, wa ke daddawa a Nebraska?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau ita ce "idan ɓera da sata, daddawa ma da wari". Ina so mu gwada ta a kan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Nebraska da kocinta Scott Frost. An ɗauko shi a ƙarshen 2017, ya ja ragama daga 2018 zuwa Satumban 2022, ya ci wasa 16, aka doke shi 31. A wasansa na ƙarshe ƙungiyar Jami'ar Georgia Southern ta zo har gida ta ci su 45 da 42, ɗalibai na ihu a kore shi, washegari kuwa aka sallame shi. Masu kare shi suna cewa ba laifinsa ba ne shi kaɗai. To karin maganar ta zauna a nan, ko an tilasta mata zama?

Baba Mai Carbi: Wa alaikumus salam, ɗana. Mu fara da daddawar kanta. Kalwa ce, ƙwayar ɗorawa. A dafa ta, a sussuka a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so. Warin nan shi ne amfaninta, daddawar da ba ta wari ba ta gyara miya. Saboda haka ba daddawa ake zargi ba, mai ɗakin da ta bar kwanon a buɗe ake zargi. Kuma a lura da yadda maganar ta fara: "idan ɓera da sata". An tabbatar wa ɓera laifinsa tukuna, sannan aka ce "ma". Mutane da yawa suna jawo ta don wanke mai laifi, alhali ba ta wanke kowa. Ƙara mutum na biyu take yi a gaban alƙali.

Yaya Mai Lissafi: Baba, a kan wannan ma'anar na yarda ta zauna, domin kwanon a buɗe aka bar shi. An ba Frost kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 35. A Nuwamban 2019, yana da nasara 8 da rashin nasara 13, hukumar wasannin jami'ar ta ƙara masa shekara 2. Wane aiki ya nuna a lokacin? Abin da aka duba shi ne ɗan gida ne, shi ne mai jefa ƙwallo a ƙungiyar da ta ɗauki kambun ƙasa a 1997 ƙarƙashin koci Tom Osborne, kuma a 2017, yana koci, ya ci wasa 13 ba faɗuwa a jami'ar UCF. Ƙauna ce ta sa hannu a takardar. Da aka zo sallama, diyyarsa dala miliyan 15 ce. Da an jira 1 ga Oktoba da ta ragu zuwa rabi, amma haƙurin kwana 20 ya gagara.

Na Gobir: Ni ban gamsu ba, Yaya. Ɓera ɓarawo ne, da niyya yake shiga ɗaki. Frost bai saci komai ba, kiransa aka yi, magoya baya suka yi murna kamar ranar salla. Kiran mutum ɓera don aiki ya fi ƙarfinsa akwai rashin adalci. Abin da ya fi dacewa da shekarunsa shi ne "hangen Dala ba shiga birni ba". Matafiyi yana hango dutsen tun daga nesa, ya ɗauka ya iso Kano, alhali da sauran tafiya. Ku dubi 2021: nasara 3, faɗuwa 9, kuma babu wadda tazararta ta kai maki 10. A wasannin rukuninsu na Big Ten sun ci maki 239, an ci su 239, amma wasa 1 kacal suka yi nasara cikin 9. Kullum ana hangen Dala.

Ɗan Kurmi: Wannan ba rashin sa'a ba ne kawai, Malam Na Gobir? Ƙungiyar da ake dokewa da ƙyar ai tana da ƙarfi.

Yaya Mai Lissafi: A'a ƙanena, a nan ne fushin magoya baya yake da hujja. A wasan nan kai ƙwallo gidan abokan karawa maki 6 ne, sai ƙarin 1 da bugu ko 2 da sake kutsawa. Ke nan tazarar maki 8 ko ƙasa da haka hari ɗaya ke goge ta. A irin waɗannan wasanni Frost ya ci 5, ya faɗi 22. Da sa'a ce ke yanke hukunci, da an raba kusan rabi da rabi. Ruwa ba ya tsami banza.

Inda yake tsami kuwa shi ne rukunin bugu. Ƙungiya kashi uku ce: masu kai hari, masu tsaro, da waɗanda ke fitowa duk lokacin da za a buga ƙwallo da ƙafa. Na ukun mintuna kaɗan suke yi a fili, shi ya sa koci mai son zanen hari yakan raina su. A 2021 Nebraska ba ta da mataimakin da aikinsa kaɗai ke nan. Ga abin da ya biyo baya. A gidan Oklahoma an tare musu bugun ƙarin maki 1, aka ɗauki ƙwallon aka ruga da ita har ɗaya ƙarshen fili, ta koma maki 2 na abokan gaba, aka tashi 23 da 16. A gidan Michigan State suna gaba 20 da 13, saura 'yan mintuna, masu tsaronsu sun hana abokan karawa motsi tun dawowa hutun rabin lokaci. Sai aka zo bugun miƙa ƙwallo. Ƙa'idar ita ce a faɗa wa mai bugu gefen da zai aika, masu rufewa su kwarara can. Su suka nufi gefe guda, ƙwallo ta tafi ɗaya gefen, ɗan wasan Michigan State Jayden Reed ya cafe ba kowa gabansa ya kai ta gida. A ƙarin lokaci aka doke su 23 da 20. Da Iowa kuma sun kai gaba 21 da 6, daga baya aka tare musu irin wannan bugun aka mayar da shi maki, wasa ya juye 28 da 21. Kuskure iri ɗaya sau uku a kaka guda aikin atisaye ne, atisaye kuma na koci ne.

Baba Mai Carbi: To kun ga hangen Dala tana bayyana abin da ya faru, amma ba ta ce wa ya tsaya a hanya ba. Gargaɗi ce ga mai murna tun bai isa ba. Idan za a faɗe ta, magoya bayan da ke cewa "saura ƙiris" za a faɗa wa, da hukumar da ta dubi ƙarancin tazarar nan a Nuwamban 2021 ta bar shi, ta rage masa albashi daga miliyan 5 zuwa 4, aka kori mataimaka 4. Game da kalmar ɓera kuwa, Na Gobir, karin magana ba ta auna mutum da dabbar da ta ambata. Ana faɗin wannan ko a rikicin miji da mata, ba wanda ya saci tsinke.

Na Gobir: Na karɓi gyara, Baba. Amma in haka ne warin ya girmi Frost. A 2003 Nebraska ta kori kocinta Frank Solich da nasara 9 da faɗuwa 3. A 2014 an kori Bo Pelini da irin wannan sakamako, mutumin da bai taɓa cin ƙasa da wasa 9 a kaka ba. Dalilin shi ne ba su kai Osborne ba, mai kambu uku a 1994, 1995 da 1997. Filinsu da ke birnin Lincoln tun 1962 ake sayar da tikitinsa kaf a kowane wasa. Wannan biyayya abin yabo ce, kuma tana ba ni tausayi, domin mutanen jihar ba su da wata babbar ƙungiya sai ita. Sai dai ita ce ta sa duk wanda aka kawo ake auna shi da ma'aunin da ya wuce, an gudu ba a tsira ba.

Ɗan Kurmi: To me ya karya ƙashin bayan masu kare shi? Na san ba Georgia Southern ce farko ba.

Yaya Mai Lissafi: Wasan da aka buga a birnin Dublin na ƙasar Ireland ne, 27 ga Agustan 2022, wasan buɗe kaka da Northwestern. Nebraska ta ci, ta koma gaba 28 da 17 a zango na uku. Abin da aka saba shi ne a doka ƙwallo can nesa, abokan karawa su faro daga ƙarshen fili. Frost ya ba da umarnin gajeren bugu, wanda ake gangaro ƙwallo yadi 10 a yi rububin ƙwace ta. Dabara ce ta wanda ake ci kuma lokaci ke ƙure masa, domin in ba a samu ba an miƙa wa abokin gaba rabin fili kyauta. Ba a samu ba. Northwestern ta fara daga ɓangaren Nebraska, ta ci nan take, Nebraska ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 31 da 28. Frost da bakinsa ya amsa cewa shi ya yanke shawarar. Ita kuwa Northwestern ba ta sake cin wasa ba a kakar, ta ƙare da 1 da 11.

Baba Mai Carbi: A wannan bugun kam, 'yata, kada kowa ya ambaci daddawa. Ba hukuma ce ta kira shi ba, ba 'yan kallo ba.