Tsadar fetur: in ajiye motata ne ko in sauya yadda nake tuƙi?

Abu Maryam, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman waɗanda suka daɗe da riƙe sitiyari, a kan wani lamari da ya hana ni sakat. Ni ma'aikacin gwamnati ne, gidana yana Rijiyar Zaki, ofishinmu yana kusa da Sakatariyar Audu Bako, kuma ni nake kai yara makaranta da safe kafin in wuce wurin aiki. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare, ana sayar da lita ƙasa da naira 200. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a watan Oktoba na 2024 kuma ta kai 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. Ko da yake farashin yana hawa yana sauka tun da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, bai koma kusa da inda ya baro ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, wato naira 70,000, ko lita 70 ba ya saye a wancan farashin.

Motata tsohuwar Corolla ce, kuma ina ganin shan manta ya ƙaru. Shin akwai abin da direba zai sauya a tuƙinsa har ya ga bambanci a aljihunsa, ko kuwa in haƙura in ajiye ta mu koma A-daidaita-sahu? Wasu kuma suna ba ni shawarar in mayar da ita mai amfani da iskar gas. Allah ya ba da ikon taimakawa.

Tsohon Direba, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Maryam. Kafin a zo ga maganar tuƙi, ka fara duba lafiyar motar, domin yawancin tsofaffin motocin da ke yawo a garuruwanmu suna shan fiye da ƙa'idarsu ne saboda gyaran da aka yi musu a gareji. Da zarar mota ta fara zafi, abin da wasu kanikawa suka saba yi shi ne su cire 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, sannan su haɗa fanka kai tsaye yadda za ta riƙa juyawa tun daga lokacin da aka murɗa makulli. Mai mota zai ga allurar zafi ta kwanta a ƙasa, hankalinsa ya kwanta, alhali kuwa injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, ita kuma kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Haka nan idan an fasa salansa an kwashe abin da ke tace hayaƙi, wanda ake ce wa indomi, ko kuma na'urar auna iskar da ke jikinta ta mutu. Ka sa a duba waɗannan da na'urar gwaji, ka sauya filogi da matatar iska idan sun gaji, domin ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. Iskar taya kuma ka auna ta da safe kafin tayar ta ɗau zafi, ka bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kada ka yarda mai faci ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ya ce ta yi.

Game da tuƙi, abin da ya fi cin mai a cikin gari shi ne taka totur da ƙarfi sannan a taka birki. Idan ka hango danja ta ba da ja, ko ka ga cunkoso a Kabuga, ɗaga ƙafarka tun daga nesa ka bar motar ta gangara a cikin giya. Idan za ka jira yara a bakin makaranta, kashe ta. A babbar hanya kuwa, kamar tsakanin Kano da Zariya, ƙarfin da iska take tokare mota da shi yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, shi ya sa mai tafiya a kan kilomita 90 yake isa da sauran mai fiye da mai gudun 130.

Abu ɗaya nake roƙonka da ka guje masa, shi ne sanya mota a firi ko kashe ta a gangara, kamar yadda wasu direbobin haya suka koma yi. Mota irin taka da kanta take datse mai idan ka ɗaga ƙafa tana cikin giya, saboda haka babu ribar da za ka ci, kuma idan injin ya mutu birki yana tauri, sitiyari ya yi nauyi, ga yara a baya.

Ummu Sadik, Kaduna:

Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya saka masa da alheri, amma a ganina duk waɗannan dabaru ɗan rangwame suke kawowa, alhali farashi ya ninka har sau biyar. Abin da ya kawo mana sauƙi na haƙiƙa a gidanmu shi ne rage yawan fita. Mun haɗu da maƙwabtan da 'ya'yansu suke makaranta ɗaya da namu, kowane gida yana da makon da zai kwashi yaran, kuma tun farko aka yi magana a fili a kan lokacin tashi, domin jinkirin safiya ne yake ɓata irin wannan shiri. Cefane ma an tara shi ya koma ranar da mai gida zai bi ta kasuwa. Gajerun tafiye-tafiye, irin na zuwa masallaci ko kanti a bayan layi, su ne suka fi shan mai idan aka kwatanta da tsawonsu, domin injin bai yi zafi ba an riga an kashe shi. Gwamnatocin Kwara da Edo ma da suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako a watan Yunin 2023, wannan lissafin suka yi.

Inda abin yake yi mini ciwo shi ne zumunci. A da, idan aka yi rasuwa ko haihuwa a Zariya ko Funtuwa, ba ma tsayawa shawara, yanzu kuwa sai an zauna an yi lissafi, wani lokaci a ƙare da gaisuwa ta waya. Mafitar da muka samu ita ce dangi su haɗa kuɗin mai su cika mota ɗaya, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin abin kunya. Kafin ka ajiye motar, Malam, ka lissafa kuɗin A-daidaita-sahu na kai da yaranka zuwa da dawowa, domin su ma fetur suke sha, kuma mai iyali yakan tarar cewa motarsa ta fi masa araha.

Injiniya, Abuja:

Ni na mayar da tawa mai gas, kuma ina jin daɗinta, sai dai ba zan ce kowa ya yi ba. Iskar da ake nufi ita ce CNG, wato iskar gas da aka matse, ta sha bamban da gas ɗin girki, kuma matsinta a cikin tukunya yana da yawa ƙwarai. Kuɗin juyawar yana da nauyi, tukunyar tana cinye wuri mai yawa a but, kuma a nan Abuja ma akan yi dogon layi. Wanda ya fi cin ribarta shi ne mai yawan tafiya, kamar direban haya. A Kano, ka fara tabbatar da cewa akwai inda za ka riƙa sha kusa da hanyarka, domin har sai iskar bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ta wadata, da tirela za a riƙa kawo ta Arewa. Idan ka yanke shawarar yi, ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a gidan mai a Benin ta jihar Edo, kuma an gano cewa tukunyarta haɗin masu walda ce.

Tsohon Direba, Zariya:

Na yarda da ƙanwata Ummu Sadik, tafiyar da ba a yi ba ta fi kowace dabara tanadin mai. Zan ƙara abu ɗaya, Malam. Idan ka samu hali ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita, ka sake cikawa a wannan gidan man idan ya sauka, sannan ka raba tafiyar da litar da ta shiga. Ka yi haka kafin gyara da kuma bayan gyara, sai ka san ainihin abin da motarka take sha, maimakon dogaro da allura. Idan kuma ka zaɓi ajiye ta a wasu ranaku, ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako har ta yi zafi sosai, saboda batir da tayoyi, kuma kada ka bari man ya riƙa kaiwa ƙasa, domin famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi, kuma kuɗin sabo ya fi na litar da kake ƙoƙarin tanadi.