Muhawara: Shin ruwan narkarwa ɗan kallo ne wajen sarrafa tsayin sarƙar polima?

Injiniya: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, idan ana haɗa polima, wato doguwar sarƙar sinadari da ake ƙullawa daga ƙananan ƙwayoyi da ake kira monoma, ta hanyar radikal da ake sarrafawa (radikal shi ne bakin sarƙa mai saurin kama sabuwar monoma), ruwan narkarwa ba shi ke riƙe da linzami ba. Aikinsa ya narkar da monoma da polimar da ke fitowa, ya rage kauri, ya ɗauke zafi. Abin da ke sa sarƙoƙi su taso tare da tsayi kusan ɗaya shi ne daidaiton da ke tsakanin sarƙa mai barci, wadda aka toshe bakinta na ɗan lokaci, da sarƙa mai aiki, kuma katalis (sinadarin da ke hanzarta haɗuwa ba tare da ya ƙare ba) ko wani sinadarin sarrafawa ne ke tsara wannan daidaito. A 1993 Michael Georges da abokan aikinsa sun sarrafa haɗuwar monomar sitirin ta amfani da sinadarin TEMPO, mai toshe bakin sarƙa na ɗan lokaci, a zafin da ya haura digiri 120, kuma ana yin wannan ko babu ruwan narkarwa.

Dokta: Wa alaikumus salam, Injiniya. Misalinka daidai ne, amma ka zaɓi monomar da ta fi kowace sauƙin hali. Mu duba ATRP, hanyar sarrafa radikal da katalis na ƙarfe, wadda Matyjaszewski da Sawamoto suka bayyana kowa a nasa ɓangaren a 1995. A tsarin jan ƙarfe, katalis mai caji ɗaya yana fizge bromin daga bakin sarƙa, sai ya koma mai caji biyu, kuma ruwan da ƙwayoyinsa ke da rabuwar caji sosai ya fi tabbatar da wannan yanayi na biyu. Saboda haka katalis ɗaya da monoma ɗaya za su ba ka radikal kaɗan a ruwan narkarwa na anisol, su ba ka da yawa a na DMSO, a cikin ruwa na ainihi kuwa bambancin yana kai ninki dubbai. Radikal idan sun yi yawa sukan haɗu su kashe juna. To ta yaya abin da ke matsar da daidaiton da kansa zai zama ɗan kallo?

Injiniya: Dokta, ai sauya ligan, wato sinadarin da ke riƙe da jan ƙarfen, ko rage katalis yana gyara wannan.

Dokta: Yana rage shi, amma ruwa na ainihi yana da wata matsalar ta dabam. Yana ɓamɓare bromin daga jikin jan ƙarfe mai caji biyu, wato yana raunana ainihin abin da ke mayar da sarƙa barci, shi ya sa masu aiki a ruwa suke ƙara gishirin bromin ko na kulorin domin su maido da shi. Wanda yake zuba gishiri saboda halin ruwa ya riga ya yarda cewa ruwan yana cikin lissafi.

Malama: Ina goyon bayan Injiniya a wani ɓangare. A RAFT, hanyar sarrafa radikal da wani sinadarin sulfur, wadda masu bincike na hukumar kimiyya ta CSIRO a Ostireliya suka wallafa a 1998, babu ƙarfen da ruwan narkarwa zai kama, don haka hanyar tana jure ruwaye iri-iri. Illar da ake gani galibi lalacewar sinadarin sulfur ce: nau'insa na dayitiyobenzowet yana rushewa a ruwa mai alkali, sinadarin amin ma yana cinye shi, alhali nau'in tirayitiyokabonet ya fi juriya. Wannan a ganina batun zaɓen kayan aiki ne, bai taɓa zuciyar tsarin ba.

Ɗalibi: Malama, da izininki, akwai abu biyu da suka shafi kowace hanya. Saurin girman sarƙar asid metakirilik yana ƙaruwa kusan ninki goma idan aka tsarma ta sosai a ruwa, saboda haɗin haidirojin da ke kewaye da bakin sarƙar ya sauya. Sannan radikal na iya ɗauke haidirojin daga ruwan narkarwa irin su toluwin ko THF, kuma sarƙar da hakan ta same ta ta mutu ke nan, komai kyawun sinadarin RAFT. Abin ya fi bayyana idan ana neman dogayen sarƙoƙi.

Malama: Na biyun na karɓa, ɗana, domin ana ganinsa idan aka zo ɗora wani sashe a kan polimar farko. Na farkon kuwa sauri yake sauyawa, kuma sauri dabam, sarrafawa dabam.

Dokta: Ba su rabu kamar yadda kike faɗa ba, Malama, domin yawan monomar da sarƙa ke haɗiya kafin ta koma barci ya dogara da saurin girma a kan saurin mayar da ita barci, kuma daga nan bambancin tsayi ke fitowa. Ko manyan fannin sun yi jayayya a kan ruwan narkarwa. A 2006 Virgil Percec ya ce a DMSO jan ƙarfe mai caji ɗaya yana rabewa zuwa ƙarfe zalla da mai caji biyu, kuma ƙarfen zallan ne ke tada sarƙa. Ɓangaren Matyjaszewski suka ce mai caji ɗaya ne babban mai tadawa, ƙarfen zalla taimako kawai yake yi. Ma'aunin saurin kowane mataki ya fi karkata ga ra'ayi na biyu, a fahimtata.

Injiniya: Wannan na jan ƙarfe ne. A kan sitirin da TEMPO ina nan kan bakana, Dokta.