Shin harhaɗa hotuna a kwamfuta gwaninta ce ta gaske?

Ɗalibin Zane: Assalamu alaikum. Na ga ana baje kolin hotunan da aka harhaɗa a manhajar gyaran hoto ta Photoshop kamar zanen hannu, shin wannan gwaninta ce ko yaudarar ido ce kawai?

Malama Hajara: Wa alaikumus salam. Aikin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin tun 1857 mai ɗaukar hoto Oscar Rejlander ya haɗa hoto guda a Ingila daga gilasan ɗaukar hoto kimanin 30, daga baya mai fasahar zane Hannah Höch ta yi nata da almakashi da gam a Jamus.

Mai Kyamara: Gaskiyarki, Malama. Yanzu a kwamfuta kowane hoto ana ɗora shi a shimfiɗarsa daban, ɗaya kan ɗaya, a rufe ɓangaren da ba a so ba tare da an goge shi ba. Wahalar tana wajen haske: idan rana ta bugi fuska daga dama, inuwar bishiyar baya kuma ta faɗi dama, nan take asiri ya tonu.

Malama Hajara: Mai ɗaukar hoto Andreas Gursky ma ya cire gine-gine daga hoton kogin Rhein na Jamus da kwamfuta, aka saye shi dala miliyan 4.3 a 2011.