Don Allah me za mu kira "hypotenuse" da Hausa? Gobe da safe zan naɗi darasi

Malamar Lissafi: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 9 zan naɗi darasin rediyo kan yadda ake gane ko tsawon gefuna uku za su ba da alwatika mai kusurwar digiri 90. Aikin ba wuya, ka buga kowace lamba da kanta, ka haɗa ƙananan biyu, in sun yi daidai da babbar shi ke nan. Kamar 5, 12, 13: 25 da 144 sun ba da 169. Amma 5, 6, 8 ba su yi ba, 61 ne ba 64 ba. Sunan gefen nan mai kallon kusurwar ne ya tsaya min a wuya.

Abban Yara: Dogon gefe mana Malama, miye na wahala.

Malamar Lissafi: Ai alwatika da yawa suna da dogon gefe ba tare da digiri 90 ba, ga 5, 6, 8 ɗin nan ma.

Ɗan Tsangaya: TSIRKIYA. Larabawa watar suke cewa, wato tsirkiyar baka, mu ma muna da abinmu me ya kai mu aro?

Bazazzagi: Malam to layin da ke haɗa wuri biyu a jikin da'ira fa? Shi ma watar ne a Larabci, kuma shi ya fi kama da baka. In ka cinye tsirkiya a nan me za ka ba wancan?

Ɗan Tsangaya: In mun je can ma gani. Aƙalla ban ce "kusurwar dama" ba yadda na ga wani ya fassara "right angle", wato kusurwar digiri 90, kamar akwai ta hagu!

Ɗan Damagaram: Mu nan ipotenus muka koya a lakwal kuma ba wanda ya mutu. Ku mutanen Kano kullum sai kun zauna kun yanke wa kowa Hausa.

Ɗan Tsangaya: Wa ya ce maka ni Bakano ne? Kuma Faransanci kake tinƙaho da shi?

Bazazzagi: Kai ma lissafi da darasi da ka ke faɗa ai Larabci ne.

Magini: Ranku ya daɗe malamai, mu dai in za mu fitar da kwanar fandisho ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, a ja igiya tsakani in ta ba da 5 kwana ta zauna. Shekara 20 ban taɓa tambayar sunanta ba. Ni tsani take min kama da shi, an jingina a bango.

Malamar Lissafi: Baba Allah ya saka, da misalinka zan buɗe. Zan ce "gefen tsani, wanda littafi ke kira haifotenus", tunda a jarrabawa shi za su gani.

Ɗan Tsangaya: To. Amma ki ambaci tsirkiya ko sau ɗaya ne.

Malamar Lissafi: Minti 15 aka ba ni Malam, in lokaci ya ragu.